Randar Kaka Barira da Digiri Talatin da Bakwai

Magama, Jibiya
18 ga Satumba, 2021

Kawu Shawulu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Mama Amarya. Yaya ƙafar? Ɗanka Hezekiah ya ce har yanzu kana ɗingishi idan sanyin Jos ya taso. Mu nan lafiya lau. Inna tana gaishe ka, ta ce in tambayi ƙaninta ko ya manta hanyar gida ne.

Za ka yi mamakin ganin takarda. An rufe layukan waya a nan saboda matsalar tsaro. Wasu sukan je bakin shingen iyaka su kamo layin Nijar, amma Inna ta ce ko lokacin da waya ke aiki, rabin magana kunnenka ke ɗauka. Ga shi kuma abin da nake nema sai da zane. Tun da Hezekiah yana kawo dankali daga Jos zuwa nan bakin iyaka, na ga in riƙa ba shi saƙo.

Da na gama karatu, Dokta Mudathir ya ɗauke ni aikin gwajin jini a ƙaramin asibitinsa na nan Magama. Ni kaɗai ce a ɗakin gwajin.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Yaya Bilki tana da ciki, haihuwarta wajen ƙarshen Nuwamba. Ka tuna a haihuwar da ta wuce ta zubar da jini, aka gudu da ita Katsina, mijinta Ummaru ya ba da leda ɗaya. Ta rayu, amma Inna ta ce bayan ƙarin jinin ta yi ta makyarkyata da zazzaɓi, aka ce gajiyar haihuwa ce. Ban yarda da wannan bayani ba, ban kuma da hujjar ƙin yarda tukuna. Yanzu hanyar Katsina ba mai bin ta bayan la'asar, ba kuma waya da za a kira mota. Dokta ya ce idan jini ya sake ɓalle mata, a nan za mu ƙara mata.

Muna da ledojin jini, da magungunan gwaji, da injin juya jini. Abu ɗaya ya rage. Kafin a ƙara wa mutum jini, ana haɗa ruwan jininsa da jinin mai bayarwa a 'yar kwalba, a tsoma kwalbar cikin ruwa mai ɗumin jikin mutum, digiri 37, na rabin awa. Akwai rashin jituwar da ba ta fitowa a kan farantin gwaji, sai a wannan ɗumin. Tukunyar ɗumin da ke yin wannan aiki ta ƙone tun kafin in zo. Sabuwa sai Kano, kuma da Dokta ya ji kuɗinta ya ce sun fi ƙarfinmu.

Kawu, ka ƙare rayuwarka kana gyaran kayan wuta a makarantar koyon sana'a. Za a iya haɗa irinta a gida? Ruwan kada ya wuce 38, kada ya sauka ƙasa da 36. Wutar da na dogara da ita batirin sola ne, bolt 12. Idan ba zai yiwu ba, don Allah ka gaya mini da wuri, kada ka ji tausayina.

Ɗiyarka,
Na'ima

*

Jos
26 ga Satumba

Ɗiyata Na'ima,

Na gode wa Allah da na ji kuna lafiya. Ƙafa tana nan, mun saba da juna. Amarya tana gaishe ku. Ki ce wa yayata Hajo ban manta hanya ba, hanyar ce ta manta ni.

Wasiƙarki ta sa na bar abinci ya huce, har Amarya ta yi mita. Zai yiwu. Masu kiwon kaji a nan suna yin fiye da haka don ƙwai, balle don Bilki.

Ki buɗe ƙunshin a hankali. Ƙaramin akwati mai lambobi ja, irin na injin ƙyanƙyasar ƙwai ne. Ni maigadi nake ce masa. Yana da wutsiya mai bakin ƙarfe, ita za ki tsoma a ruwa. Idan ruwa ya yi sanyi ya kunna hita, idan ya kai inda kika ce masa ya kashe. Iyakar iliminsa ke nan, amma ba ya gyangyaɗi. Na riga na saita shi a 37.

Hitar kuwa irin wadda direbobi ke dafa shayi da ita ce a mota. Na zaɓi ƙarama da gangan, don babba takan wuce gona da iri kafin maigadi ya farga. Akwai ɗan famfo da zai riƙa juya ruwan, in ba haka ba sama ya yi zafi ƙasa ya yi sanyi, kamar kunun da aka bari a kofi. Akwai fiyus. Kada ki ce za ki tsallake shi.

Ki sami kula ta abinci mai cin kamar lita biyar, ki huda murfin: rami ɗaya na hita, ɗaya na wutsiya, sauran na kwalabenki. Wutsiya ta yi nesa da hita, ta tsaya daidai zurfin da jinin zai zauna. Zanen yana bayan takardar nan. Jar waya zuwa ja, baƙa zuwa baƙa.

Abu na ƙarshe, kada ki yarda da lambar maigadi sai kin gwada shi da ma'aunin zafinku na asibiti. Ban taɓa ganin na'urar da ba ta ƙarya ba, sai dai wata ƙaryarta kaɗan ce.

Ki rubuto mini abin da kika gani. Ina son sani kamar yadda kike so.

Kawunki,
Shawulu

*

Magama
3 ga Oktoba

Kawu,

Gaisuwa, muna lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, a tsaye nake yi, Hezekiah yana ta danna oda, an buɗe musu shinge.

Na haɗa komai a kular Yaya Bilki. Maigadi yana ƙarya da rabin digiri, na gyara. Amma ruwan ya ƙi zama a 37. Digiri huɗu ne tsakani, ya kafe a nan. Na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, daidai suke da zanenka. Me na yi ba daidai ba?

Na'ima

*

Jos
17 ga Oktoba

Ɗiyata,

Da fatan kuna lafiya. Ki yafe jinkiri. Motar Hezekiah ta lalace a Zariya da wasiƙarki a aljihunsa, sai da aka sauke injin. Na so in ja masa kunne, na tarar ya fi ni tsawo.

Ba ki yi laifin komai ba, laifina ne. Na yi rowar hita. Na haɗa irin naki a nan tsakar gida don in gani da idona, da safe ina sanye da rigar sanyi biyu. Ruwan ya hau da ƙyar ya tsaya a 33, daidai yadda kika faɗa, digiri huɗu. Har na yi murna da lissafinmu ya zo ɗaya. Zafi yana gudu ta murfin da aka huhhuda, hita kuma ba ta da ƙarfin kamo shi.

Na aiko miki da hita mai ƙarfi, da bargo. Bargon sabo ne, na ulu, Amarya ta zaɓo shi a kasuwa, ta ce idan don Bilki ne ba za a sayi na banza ba. Ki naɗe kular da shi har murfi, ki bar lambobin maigadi kawai a waje. Da nawa na naɗe, ya kai 37 ya zauna daram.

Ki kwantar da hankalinki. Aikin ya ƙare.

Kawunki,
Shawulu

*

Magama
21 ga Oktoba

Kawu Shawulu,

Gaisuwa mai yawa a gare ka da Mama Amarya. Ka yi mata godiyar bargo, yana da kyau ƙwarai. Muna lafiya, sai dai ƙafafun Yaya Bilki sun fara kumbura, Dokta yana duba ta duk mako.

Kawu, kunya ta kama ni da na buɗe ƙunshinka. Ni da nake gyara wa mutane magana idan sun ce "kusan", na rubuta maka digiri huɗu ban ce sama ko ƙasa ba. Sama ne. Ruwan a 41 yake tsayawa. Hita ba ta taɓa kunnawa ba ko sau ɗaya da rana. Maigadi yana zaune ne kawai yana kallon ruwan da ya riga ya fi ƙarfinsa.

Tun da ruwan sama ya ɗauke rana ta buɗe sosai, ɗakin gwajin kuma rufin kwano ne ba silin. Da amsarka ta yi jinkiri, sai na ɗauki ma'aunin zafi na shiga gwada duk abin da na samu. Iskar ɗakin da azahar, 41. Ruwan baƙin tankinmu, 44. Ruwan rijiyar masallaci, 29, amma idan ya zauna a kula cikin ɗakin, famfo yana juya shi, a hankali yake hawa. Shayin mai shayin bakin shinge, 68, kuma ya ce kada in sake. Hammatar Dokta, 36.8. Ya ce shi ya fi dacewa ya zama tukunyar, in ba shi kwalaben ya rungume.

Na duba littattafanmu na makaranta. Duk sun ɗauka ɗaki ya fi jikin mutum sanyi. Ba wanda ya yi tunanin Jibiya.

Na gwada ƙanƙara. Ruwan ya faɗo 30, hita ta kama, ya zauna a 37 na ɗan lokaci, har na yi tsalle. Da ƙanƙarar ta narke ya ci gaba da hawa. Ƙanƙarar ma daga Ɗan Isa ta Nijar ake kawo ta, wata rana ta zo wata rana 'yan duwan, wato kwastan, su tsayar da mai ita. Ba zan jingina ran Yaya da wannan ba. Amma na koyi abu ɗaya: maigadi turawa sama kawai ya iya, yana buƙatar wani mai ja ƙasa.

Shekaranjiya na dawo gida na ɗebi ruwa a randar Inna, sanyinsa ya ratsa mini haƙori. Na tsoma ma'auni. Kawu, 26. A rumfar da iskarta take 39. Tun ina yarinya nake shan ruwan nan ban taɓa tambayar dalili ba. Na shafa jikin randar na ji danshi, kamar tana gumi. Sai na naɗa jiƙaƙƙiyar auduga a bakin ma'aunin na yi masa fifita da mafici, ina kallo yana sauka. Ashe gumin ne ke tafiya da zafin, yadda namu ke yi.

Ka ga inda na dosa. Idan randa ta zama tukunyar, ita ta ja ƙasa, hita ta tura sama, maigadi ya raba gardama.

Matsalar ita ce randar. Matan Farfaru masu kawo tukwane sun daina zuwa tun da hanya ta ɓaci. Ta maƙwabta an shafe ta da siminti, ba ta gumi. Sai ƙaramar randar Inna, wadda mahaifiyarku Kaka Barira ta gina da hannunta. Na tambaya.

"Randar uwata za ki sa wa jinin mutane?"

"Inna, jinin a kwalba yake, ba ya taɓa ruwan."

"Ke za ki sha ruwanta bayan nan?"

Gaskiyarta ce, ba zan sha ba, ba zan bari kowa ya sha ba.

"To," in ji ta, ta ci gaba da tankaɗe.

Ita kaɗai ta rage daga hannun Kaka. Ban ga laifin Inna ba. Amma kullum ina duba cikin Yaya ina duba kalanda. Shin tunanina daidai ne, ko akwai abin da ban hango ba?

Ɗiyarka,
Na'ima

*

Jos
29 ga Oktoba

Ɗiyata Na'ima,

Allah ya sa kuna lafiya, ya sauki Bilki lafiya. Ƙafata da sauƙi.

Amarya ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ta ce an aika wa mai zufa bargo. Na daɗe a Jos har na manta akwai garin da ɗaki ke fin jikin mutum zafi, alhali a irinsa aka yanke mini cibiya. Kada ki ɗauki kunyar ke kaɗai, mu raba.

Tunaninki daidai ne, ya ma fi nawa. Ga abin da za ki kula da shi. Kada ki huda randa. Kafinta ya yanko miki murfin katako, a nan za a yi ramukan. Ki koma ƙaramar hita. Randa mai gumi ruwanta raguwa yake, idan hita ta fito sarari za ta ƙone, don haka ki ɗaura zare a wutsiyar maigadi daidai inda ruwa zai tsaya, ki riƙa cikawa. Ki ɗora ta a kan yashi inda iska ke wucewa. Tsohuwar randa kuma ƙofofin jikinta sukan toshe. Uwarmu takan goge bayanta da totuwar masara har jan ƙasar ya fito. Ina jin ƙarar gogar nan a kunnena yanzu, kunnen da Hajo ta ce ba ya ji.

Wannan kuma ki karanta wa Hajo. Yaya, na san randar nan. Na tuna ranar da aka fito da ita daga wuta a Gangara, uwarmu ta ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa ta ce wannan za ta riga mu tsufa amma ba za ta riga mu mutuwa ba. Ke kika ɗauke ta da kika yi aure, ni ban ɗauki komai ba sai ƙafata. Ba ni da iko a kanta. Amma Bilki jikar uwarmu ce, kuma kin san abin da za ta ce da tana nan.

Bargon ki ajiye. Ba ya cin abinci.

Kawunki,
Shawulu

*

Magama
7 ga Nuwamba

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Muna lafiya. Cikin Yaya ya sauko.

Roƙonka ya zo a makare. Kwana biyu bayan na rubuto maka, Yaya Bilki ta zo gida, ta zauna a gindin randar tana haki, ta sha moɗa biyu. Inna tana ta kallon kumburarrun ƙafafunta. Washegari na tarar da randar a kife a ƙofar ɗakina, an juye ruwan. Duk da haka na karanta mata saƙonka. Ta ce, "Shawulu ne zai koya mini uwata? Yana goye aka gina ta, ina ya ga wuta?" Amma ta sa na maimaita mata wurin ƙwanƙwasawar.

Na goge ta da totuwa. Kawu, tana aiki. Daga hantsi har la'asar ruwan bai sauka ƙasa da 36.8 ba, bai wuce 37.3 ba. Ina jin ɗan ƙarar maigadi, ƙyas ya kunna, ƙyas ya kashe. Dokta ya tsaya a kanta ya daɗe, ya ce a rubuta mata lambar kayan asibiti.

Sai na fara gwada masu ba da jini. Yaya rukunin O ce, mijinta ma O. A kan faranti jininsu ya haɗu lafiya lau, kamar yadda na tabbata ya haɗu wancan karon. Na sa a randa rabin awa, na wanke, na ɗiga maganin gwaji, na juya. Da na ɗaga kwalbar, jinin ya cure gudaji-gudaji kamar nonon da ya tsinke. Na sake daga farko, na kira Dokta ya duba da kansa. Haka dai.

Yaya Ummaru ya bar wurin facin tayarsa ya zo jin sakamako, hannun riga a naɗe.

"Ban gane ba. Jinina ne fa a jikinta tun wancan karon."

"Shi ya sa, Yaya. Ta ɗauki 'ya'yanka, an kuma ƙara mata naka. Jikinta ya ga wani abu a jininka da ba nasa ba, ya tanadi masu yaƙarsa. Makyarkyatar nan gargaɗi ce. A karo na biyu abin zai fi haka muni."

Ya ce, "Wato don ta san ni ne ba ta so na."

Yaya Bilki tana kan benci ta ce, "Ai na daɗe ina gaya maka, ka ce wasa nake."

Ya yi dariya, amma na ga abin ya taɓa shi. A nan kowa ya san miji ne ke fara miƙa hannu. Da ba randar nan, shi za mu kwantar ranar haihuwa, kuma ni da hannuna zan ɗaura ledar. 

Ƙaninsa ma ya cure. Ni A ce, ban da amfani. Ana cikin haka Hezekiah ya leƙo karɓar wasiƙa, na ce ya zauna. Mutumin da ke tuƙa babbar mota a hanyar Funtuwa ya rufe ido don allura, yana kiran sunan Mama Amarya. O ne, gwajin cututtuka duk lafiya, kuma a randa jininsa da na Yaya sun kwanta sumul.

Ga damuwata. Ba mu da firijin ajiye jini, sai ranar za a ɗiba, kuma dole in sake gwajin a ranar da sabon jinin Yaya. Zan ci gaba da neman wani, amma zuwa yau shi kaɗai ne. Na san motar ba tasa ba ce. Ban san yadda ake roƙon mutum ya bar aikinsa ya zauna jiran abin da wataƙila ba zai faru ba.

Ɗiyarka,
Na'ima

*

Jos
14 ga Nuwamba

Ɗiyata,

Muna lafiya. Ba roƙo ake yi ba, aikawa ake yi. Na je wurin mai motar da sandata. Abokin tuƙinsa Abu zai dawo da ita, Hezekiah zai zauna wurinku har Bilki ta sauka. Ki ba shi aiki, kada ya sangarce. Ki kuma gargaɗi Hajo, tuwo uku yake ci.

Ki ce wa Ummaru ya riƙe hannunta, shi ma aiki ne.

Tambaya ɗaya ke cina: lita nawa randar ke sha a yini? Ki auna mini.

Kawunki,
Shawulu

*

Magama
27 ga Nuwamba

Kawu Shawulu,

Gaisuwa mai yawa. In fara da abin da kake jira: Yaya Bilki ta sauka jiya Juma'a da safe, mace. Uwa da ɗiya suna lafiya. Yanzu sauran.

Sanyi ya shigo mana a makon nan, ban ba shi muhimmanci ba, don duk gwaje-gwajena da rana na yi su. An kawo Yaya bayan sallar asuba, ta haihu rana tana fitowa. Ina ɗakin gwaji na ji muryar Dokta ta canza. Ya leƙo ya ce, "Na'ima, jini." Ya sa mata ruwa a hannu biyu, ya miƙo mini nata jinin a kwalba.

Na kunna randa. Ruwan cikinta 17. Na juye mata ruwan zafi daga fulas ɗin ungozoma har ya kai 37, na juya in shirya kwalabe. Da na waiwayo, 36. Hita tana kunne ba ta kashewa. 35.6. Iskar safiya a bushe take, randa tana ta gumi abinta, ba ta san yau ba a buƙata ba. Mai ja ƙasa ya fi mai turawa sama ƙarfi. Kular kuwa tana gidan Yaya cike da kayan jego, murfin katakon ma ba zai zauna mata ba.

Na tsaya ina tambayar kaina abin da zai hana randa gumi. Sai na hango Hezekiah ta taga. Tun da ya zo a barandar asibiti yake kwana don ya kasance kusa, yana zaune a benci ya ƙudundune cikin bargon Mama Amarya, hanci kawai a waje. Na fita na fizge shi.

"Ke, lafiya? Jinin za ki ɗiba ko fatar?"

"Duka biyu. Shigo."

Na naɗe randar har wuya, na ɗaure da igiyar gini, na ƙara ruwan zafi kaɗan. 36.4. 36.9. Sai na ji ƙyas. Ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba. Na tsoma kwalaben.

Rabin awar nan ba zan so wa kowa ita ba. An kwantar da Hezekiah ana ɗibar ledar don kada a ɓata lokaci. Yaya Ummaru ya shigo idonsa jawur.

"Na'ima, leɓenta ya yi fari. Ai kin gwada shi rannan. Ki ba su."

"Rannan ba yau ba ce. Dokta ya ce ruwan da ya sa mata zai riƙe ta. Idan ya ce ba zai riƙe ba, zan bayar."

"To ki ɗebi nawa a haɗa."

"Yaya, Kawu ya ce ka riƙe hannunta."

Ya juya ya koma wurinta. Ni kuma ban ɗauke ido daga jajayen lambobin nan ba. Ba su motsa daga 37 ba sai da ɗigo biyu. Na wanke, na ɗiga, na juya, na ɗaga kwalbar a hasken taga. Sumul. Na duba a madubin gwaji don kada idona ya gaya mini abin da nake so. Sumul.

Leda ɗaya ta isa. Na zauna kusa da ita ina auna zafinta har ledar ta ƙare. Ba makyarkyata, ba zazzaɓi. Da azahar ta nemi kunu, ta ce wa Hezekiah tun da jininsa ya shige ta take jin yunwar tuwo uku.

Amsar tambayarka: da zafi randar tana shan lita ɗaya da kwata a yini. Cikin bargo ban auna ba tukuna. Babbar hitar kuma tana wurin Dokta, shayi yake dafawa.

Da la'asar Inna ta shigo ɗakin gwaji, karonta na farko. Ta tarar da randar a kan yashi, an naɗe ta da ulu, wayoyi sun fito ta ka. Na ɗauka faɗa za ta yi. Ta daɗe a tsaye, sannan ta gyara gefen bargon da ya zame, ta soke shi da kyau yadda ake yi wa mai barci.

Ta ce in rubuta maka, sai yanzu ka ga damar saya wa uwarka bargo. Ta kuma ce suna ranar Juma'a ne, Hezekiah zai taho da kai, gaban mota akwai wurin miƙe ƙafa.

Ɗiyarka,
Na'ima